Katin Chizuru

Shekarata tara a ɗan ofishin 'yan sanda na bakin tashar jirgin ƙasa, kuma rabin aikina lemar da aka manta ce da masu tambayar hanya. Sau biyu a shekara nakan hau keke in bi gida-gida, kowa ya cika min kati: sunayen mutanen gidan, da wanda za a kira in an yi gobara ko girgizar ƙasa. Wanda bai ga dama ba, ba dole. Katunan suna kulle a akwatin ƙarfe. Ko matata, duk da bin diddiginta, ba ta taɓa leƙa su ba.

Wata Alhamis da hantsi wani tsoho ya shigo da ledar lemo, ya sunkuya don gaisuwa har na ji tsoron kada bayansa ya riƙe. Sunansa Tsurumi. 'Yarsa Chizuru yake nema. Shekara goma sha ɗaya ba su yi magana ba, tun wata baƙar magana da ya gaya mata ranar jana'izar uwarta, kuma an ce masa an gan ta a unguwar nan. Ranar Litinin za a yi masa aikin zuciya.

"Ka ɗan buɗe akwatin nan, Yallaɓai. Lambar gida kawai."

"Baba, ba zan ce tana nan ba, ba zan ce ba ta nan ba. Lemon ma ku yi haƙuri, ba ma karɓa."

"Lemo fa! Lemo ne zai sayi hukuma? Kai yaro, ina biyan haraji tun ba ka iya ɗaura wando ba."

"Na yarda, Baba. Ga shayi."

Ya sha, yana hararata. Abin ya dame ni ƙwarai, don na san ta. Ita ce mai awara a bayan gidan wanka, kuma a katinta, wurin wanda za a kira, sunan tsohon nan ta rubuta. Kalma ɗaya daga bakina da ya koma gida da farin ciki. Amma ba don shi ta cika katin ba, kuma na sha ganin masu zuwa neman mutum da hawaye alhali mugunta ce a ransu. Na ba shi takarda ya rubuta lambar wayarsa da sunan asibitin. Ya ce duk wanda na ga dama in ba shi, ya kwashi lemonsa ya fita ba sallama.

Washegari na jingine keke a ƙofar shagonta. Tana tsame awara daga ruwan sanyi, hannuwanta sun yi ja.

"Yallaɓai Kuwabara! Laifin me na yi kuma? Kekena dai da rajista."

Na gaya mata wanda ya zo da aikin zuciyar da za a yi masa ranar Litinin, na ce ban faɗa masa komai ba, kuma haƙƙinta ne ya zauna a haka. Na ajiye takardar a kan tebur. Ta daɗe tana kallonta ba ta taɓa ba.

"Har yanzu yana da ɗaga murya?"

"Ya ce ban iya ɗaura wando ba."

Ta yi 'yar dariya, ta yanke ta. "Katina yana wurinka? Ba ni."

Dama na taho da shi a jakata. Na miƙa mata shi da biro, na kau da kai, don ba na son in ga ta soke sunan ubanta. Da ta dawo min da shi, sunan yana nan. Tsohuwar lambar wayar gidansu ta soke, ta rubuta sabuwar da ke kan takardar a ƙasa.

"Kada ka ce masa ka gan ni."

"Ni ban ma san ki ba."

Ta ninke takardar ta sa a aljihu, ta mayar da hannu cikin ruwa. Har na hau keke ta ɗago.

"Litinin ɗin, ƙarfe nawa ya ce?"