Maɓallan Baba

Tun ranar da ƙungiyar ta zaɓe ta, murna da fargaba suke kokawa a ƙirjinta, kuma kullum fargabar ce ke kayar da murnar.

Ƙungiya ce ta masu yi wa jama'a hidima kyauta, 'yan kasuwa da likitoci da tsofaffin malamai, waɗanda ke haɗuwa duk mako a ɗakin taron wani otal. Bana sun samu tallafin musayar ma'aikata: ƙwararru daga wata ƙasa za su zo su yi aiki a asibitocin garin, in za su koma kuma 'yan nan su bi su can su ƙaro sani. A sashen gashin ƙashi ita aka ɗauka, don ta koyo yadda ake farfaɗo da hannun wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Mafarkinta ke nan tun tana makaranta. Sai dai irin wannan hannun yana nan cikin gidanta, hannun daman mahaifinta. Tun da ciwon ya same shi mijinta ya ɗauko shi ya dawo da shi wurinsu, kuma tun lokacin ba ta taɓa kwana nesa da shi ba. Ita ke gasa hannun da ruwan ɗumi kowace safiya, ta miƙar da yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta sa masa riga, ta ɓalla masa maɓallai, ta kai masa kofin shayi har baki.

Mijinta tela ne, shagonsa yana manne da gidan. Ya leƙo kicin da tef ɗin awo rataye a wuyansa.

"Likita, shugabar ƙungiyar ta sake kira. Ta ce amsarki kawai ake jira."

"Na ce maka ni ba likita ba ce."

"To, Mai-murɗa-mutane. Me zan ce mata?"

Ta so ta yi dariya, hawaye suka riga dariyar. "In na tafi, wa zai yi wa Baba?"

"Ni mana. Wanda ke sa wa riga wuya ai zai iya sa wa mutum riga."

"Kai da kunyarsa ba ta barinka ka ɗaga kai? Gaisuwa ma daga bakin ƙofa kake jefo masa ka gudu."

Ya share mata kunci da bayan yatsansa. Ya san ta riga ta shirya cewa a'a, tana neman ranar da bakinta zai iya faɗa ne kawai.

Ƙa'idar ƙungiyar ce ba a sauke baƙi a otal, a gidajen abokan aikinsu ake sauke su. Haka aka yi mai gashin ƙashin da ta zo daga can ta faɗo gidansu. Doguwar dattijuwa ce mai gajeren gashi da furfura, ba ta jin yarensu sai gaisuwa, ita ma a karkace. A asibiti baƙuwar ta ba ta mamaki. Wani tsohon direba mai shanyayyen hannu ya yi ta fama zai ɗauki cokali daga kan tebur, cokalin na zillewa, gumi na tsattsafo masa, ita kuwa baƙuwa tana tsaye ta harɗe hannuwanta a baya kamar mai kallon kasuwa. Tana kallon baƙuwar, a ranta ta ce, wannan ai ƙarancin tausayi ne. Idan abin da ake koyarwa can ke nan, gara da ba za ta je ba.

Washegari aka wayi gari da ɗan sanyin ruwan sama. Baba, wanda shugaban makaranta ne kafin ya yi ritaya, ya ce ba za a yi baƙuwa daga nesa a gidan ba shi yana ɓoye a ɗaki. Ta fito da shi falo, ta zura masa rigar sanyi a kan ta ciki, ta sunkuya za ta ɓalla masa maɓallan.

"Uwata, bari," ya ce ƙasa-ƙasa. Haka yake kiranta tun tana jaririya. "Baƙuwa na kallo. Kada ta koma ta ce ta ga ƙaton jinjiri."

"Baba, shayin zai huce."

Sai ta ji an kama wuyan hannunta a hankali. Baƙuwa ce. Ta ja hannun ta kai mata shi baya, ta kamo ɗayan ta haɗa su, sannan ta tsaya kusa da ita ita ma ta harɗe nata.

Baba ya ɗago hannun. Yana rawa kamar ganye. Babban yatsa da manuni suka lalubi maɓallin, suka kama, ya suɓuce. Suka sake kamawa, ya sake suɓucewa. Tururin shayi ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Ta ji yatsunta na ƙaiƙayi a baya, zuciyarta na ce mata je ki, mahaifinki ne fa, yana jin kunya gaban baƙuwa. Ta ciji leɓe har ya yi zafi. Maɓallin ya kai bakin rami, ya leƙa, ya koma.

Baba ya saki hannun kan cinyarsa yana haki.

"Ba ni na kasa ba," ya ce da muryarsa ta shugaban makaranta. "Wa ya sa wa riga maɓalli kamar idon kifi?"

Mijinta, da ke raɓe a bakin ƙofa tun ɗazu, ya shigo har tsakiyar falo, abin da bai taɓa yi ba in surukinsa na zaune. Ya durƙusa.

"Baba, a ara min rigar."

Ya fita da ita shago. Ba a jima ba ya dawo, ya ciccire ƙananan maɓallan, ya ɗinka wasu manya na kwat, ya faɗaɗa ramukan. Baba ya juya ɗaya yana kallo.

"Kai yaro, wannan maɓalli ne ko murfin tukunya?"

"Na manyan mutane ne, Baba."

Aka sake zura masa rigar. Ba wanda ya ce mata komai, da kanta ta mayar da hannuwanta baya. Yatsun suka kama maɓallin, wannan karon akwai abin kamawa. Ya tura, ya tura, gefen ya shige, ya tsaya ya numfasa, ya ƙara turawa. Maɓallin ya faɗa raminsa ya zauna.

Ba ta san lokacin da ta zube gabansa ba, fuskarta a kan gwiwarsa, tana kuka kamar ƙaramar yarinya. Sai ta ji abu mai nauyi ya sauka a kanta. Hannun daman ne.

"Na daɗe ina so in gwada," Baba ya ce. "Amma kafin in ɗaga hannu kin gama. Kuma ina ganin yadda hankalinki ke kwanciya in kin yi min, sai in ce bari in ƙyale ta."

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Ke me ya sa ba ki faɗa min an zaɓe ki tafiya ba? Bangon gidan nan ba kauri gare shi ba, Uwata. Hannu ne ya shanye, kunne yana nan lafiya lau."

Baƙuwa ta tambaye ta me tsohon ke cewa, ta fassara mata tana share ido. Dattijuwar ta yi murmushi ta ce, "Nawa hannuwan ma sun daɗe suna gardama kafin su yarda su zauna a baya. Akwai saura da yawa, za mu nuna miki can. Amma kin ɗauki darasin da ya fi wuya."

Kafin ta fita aiki ta kira shugabar ƙungiyar. Kalma ɗaya ta faɗa, "Eh," daga can ɓangaren ta ji ana tafi.

Ranar tafiya motar ƙungiyar ta tsaya a ƙofar gida, sauran 'yan tawagar na ciki da jakunkunansu. Baba ya fito rakiya yana dogara sanda, mijinta na gefensa, sun saba har suna musu kan wanda ya fi wani iya haɗa shayi. Rigar sanyin ce a jikinsa, da kansa ya sa abarsa. Maɓallin sama ya shiga ramin da ba nasa ba, wuyan rigar ya karkace gefe guda. Hannunta ya ɗago da kansa zai gyara. Ta kalle shi, ta kalli Baba, ta mayar da shi baya.

"Yauwa," Baba ya ce. "Allah ya kai ki lafiya, ya dawo min da ke da abin da kika je nema."

A bakin mota mijinta ya kamo tafin hannunta ya sa mata wani abu ya rufe.

"Duk mako zan riƙa canza masa maɓallan da waɗanda ba su kai na baya girma ba. Mun yi shawara da shi. Wannan za ki tarar a rigarsa."

Sai da motar ta sha kwana ta buɗe hannun. Ɗan ƙaramin maɓalli ne fari, kamar idon kifi, har yanzu da ɗumin hannunsa.