Wanda Bai Saka Zobe Ba

A gidanmu na Toledo da ke Amurka, talo-talon bikin ranar godiya na shekara-shekara ba ya wucewa maƙogwaro sai an yi musu kan kwatabak ɗin da ya fi kowa, wato mai jefa ƙwallon nan da ke jan ragamar ƙungiya a wasan ƙwallon Amurka. Ni zobban da ake ba zakarun gasa nake ƙirgawa, kamar kowane mai hankali. Baba kuwa ya kafe kan Hollis Mabry, wani tsohon ɗan wasa da ya mutu bai saka ko zobe ɗaya ba.

"Zobe? Ai uwarka ma tana da zobe," haka yake cewa yana dukan tebur. "Ka taɓa ganin ta jefa ƙwallo cikin ƙanƙara da karyayyen haƙarƙari? Tashi ka ba ni wuri, ja'iri."

Bana a gidan kula da tsofaffi muka yi bikin. Mantuwa ta ci ƙarfin Baba. Likita ya ce wataƙila karon da ya sha a kai ne lokacin da yake wasa a kwaleji. Tun a mota ƙanwata Yolanda ta ja min kunne.

"Curtis, don Allah kar ka tayar masa da hankali."

Ni kuwa abin da ya kawo ni ke nan. Sunana ya ɓace masa tun bazara, na haƙura. Amma na saka a raina, in dai zai zage ni kan Mabry, to babana yana nan.

Na yanka masa nama, na gyara zama, na fara jero gwanaye a yatsuna kamar yadda muka saba, daga na biyar zuwa na ɗaya. Da gangan na tsallake Mabry. Baba na ta tauna abinsa. Na ƙara wa zancen gishiri, na ce Mabry rago ne, ko cikin goman farko bai isa shiga ba. Har Yolanda ta taka min ƙafa.

Baba ya ajiye cokali, ya ɗaga hannu. Daɗi ya kama ni, na ce yau tebur zai sha kashi.

Sai ya dafa kafaɗata a hankali.

"Gaskiyarka, bawan Allah," ya ce cikin ladabi. "Da alama ka san wasan nan sosai."

Shekara da shekaru ina neman kayar da shi a musun nan. Ranar na yi nasara, na fita na zauna cikin mota, na kasa tayar da ita.