Agogon Mijin Madam Odile

Shekara arba'in Firmin Calame yana tara manyan agogunan hannu na da, irin waɗanda ake yi wa wani da hannu. A nan garinmu Le Locle, duk mai tsohon agogon da aka rasa asalinsa wurinsa yake zuwa. Ya buɗe bayan, ya leƙa, ya faɗi shekarar da aka ƙera shi.

Bara hannunsa ya fara rawa. Na ce masa, "Tsoho, ka bar buɗe kayan mutane."

Ya ce, "Kai da ko kwalbar giya ba ka iya buɗewa?"

Wata Talata ina shagonsa na agoguna, wata Madam Odile ta kawo agogon mijinta da ya rasu, ƙato, ya kusa cika tafin hannu. So take kawai ta san asalinsa, domin kullum da safe tana yi masa wani. Firmin ya buɗe, ya ce na matuƙan jirgin sama ne, ya girme ta. Sai ya kai hantsaki zai cire wani ɗan gashi. Hannun ya fizga, siririn sifirin ɗin ciki ya tsinke, agogon ya tsaya.

Wata biyar yana rubuta wasiƙu neman irin sifirin ɗin, ba a samu ba. Ya ɗauki mafi daraja cikin agogunansa ya kai mata.

Ta ce, "Na gode, amma ba wannan ne mijina ya ɗaura ba."

Tun ranar bai sake buɗe shagon ba. In na je gidansa da miya, sai in tarar da ta jiya bai taɓa ba.