Akwatin Idanu

Baturen likitan ya kashe 'yar tocilarsa, ya saki fatar idon Zuwaira, ya juya wajen ɗanta Ja'afaru ya shiga zuba Turanci. Ya daɗe yana yi. Zuwaira ba ta jin ko zo in kashe ki da Turanci, amma idonta na dama garau yake, kuma da shi ta ga likitan ya nuna idonsa, sannan ya sauke hannu ya dafa haƙarƙarinsa na dama.

Da Baturen ya yi shiru, Ja'afaru ya fuskanci bango, yadda ya saba in zai yi wa mahaifiyarsa magana.

"Ya ce a gaya wa Inna ƙaramin aiki ne. Wanke idon kawai za a yi."

Oho! Duk wannan dogon zance, wanke ido? To me ya kai wanke ido haƙarƙari? Tambayar ta zo mata har baki, ta mayar. Ja'afaru ɗan fari ne. Tun da ta haife shi a Zariya ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa tsayawa ta dube shi ido cikin ido ba. Kakarsa ce ma ta goya shi. Har yau da ya zama akawu a Sakatariya, da kekensa da 'ya'yansa, "yaron nan" yake a bakinta. Ina za ta iya titsiye shi gaban baƙo?

Tun kafin damina abin ya fito, wani ɗan baƙin ɗigo a gefen ƙwayar idon hagu. Ta ɗauka kwalli ne ya maƙale. Ta wanke, ta wanke, sai ƙara faɗi yake. Daga baya wata inuwa ta riƙa tare mata gefe guda, in tana ɗinkin hula allura ta kauce wa zane. Ciwo kuwa ko kaɗan babu. Abin da ba ya ciwo, ina ruwan asibiti da shi?

Abin da ya fi tsaya mata a rai ma ba ɗigon ba ne. Tun zuwansu asibiti na farko gidan ya sake. Safiya, matar Ja'afaru, ba ta barin ta ɗaga ko buta. Shi kuma kullum ya taso aiki sai ga ƙunshin tsire, mutumin da a da sai da Salla. In ta fito tsakar gida su yi tsit. Ga Binta maƙwabciyarsu a Unguwar Shanu ta rantse mata cewa Turawan nan cire idon mutum suke yi, su sa a kwalba su yi gaba da shi.

Likitan ya jawo wani ɗan akwati ya buɗe. Idanu ne a ciki, jere reras, baƙaƙe da ja-ja, duk suna kallon rufi. Ya ɗauki guda ya kara kusa da fuskarta, ya karkata kai yana gwada launi.

"Innalillahi!" Zuwaira ta miƙe, ta ja mayafi, ta yi waje ko takalmi ba ta gama sawa ba.

A gindin mangwaron bakin asibiti Ja'afaru ya cim mata, yana haki. Ya durƙusa. Ta juya masa baya, ta yi magana da itacen.

"Wasu dai sun yi boko sun koyi yaudarar tsofaffi. An gama ciniki da Nasara, tsire ne kuɗin ido."

"Subhanallahi, Inna!"

"A faɗa mini abin da mutumin nan ya ce. Duka. In an rage ko kalma, yau a Zariya zan kwana."

Sai ya fara. Ya ce ɗigon nan ba kwalli ba ne, ba kuma hannun kowa ba ne. Wani mugun tsiro ne da ke tashi daga abin da ke ba ido baƙinsa, kuma wanda ake gani a waje kaɗan ne, babban yana can ciki. Ba ya jin maganin ɗigawa, ba ya jin na sha. In aka bar shi, zai bi jini ya sauka a hanta, wajen nan da likitan ya dafa. In ya kai can kuwa, babu sauran dabara.

"Cire idon za a yi, Inna. Na daman lafiya lau yake, ba za a taɓa shi ba. Na cikin akwatin nan na gilashi ne, don kada gurbin ya zauna fayau."

"Kwalbar fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Gaskiya ne. Za su sa shi a kwalba su aika a duba, a san iya inda tsiron ya kai."

Ashe Binta ba ta yi ƙarya ba. Abin mamaki, sai Zuwaira ta ji zuciyarta ta ɗan sauka. Wannan amsar dai ba ta da zaƙin tsire.

"To me ya sa aka ɓoye mini?"

"Tsoro na ji. Na san in kin ji za ki gudu, ni kuwa ban isa in tare ki ba. Gara ki farka bayan aikin ki tsine mini, kina raye."

Sai ta ji yana kuka. Ƙaton mutum, mai iyali, a bakin titi. Rabonta da jin kukan nan tun yana jariri, lokacin da takan ji shi a ɗakin kakarsa ta daure ta ƙi shiga, don kada a ce ba ta da kunya. Tausayinsa ya kama ta, haushin kanta ya biyo baya.

Ta juyo.

"Ɗago kanka."

Bai gane da shi take ba, har ya waiwaya.

"Ja'afaru. Da kai nake."

Ya ɗago a firgice. Ta tsaya ta dube shi da idanun duka biyu, mai lafiyar da mai inuwar. Ashe hancin babansa ne da shi. Ashe har furfura ta fara fito masa a gemu. Akwai wani tsohon tabo a girarsa ta hagu, ba ta ma san ranar da ya ji ciwon ba. Ta ci gaba da kallo, ba ta ƙifta ba, har shi ya ji kunya ya nemi kawar da kai.

"Tsaya tukuna, ban gama ba," in ji ta.

Da ta gama, ta gyara takalminta, ta ja mayafi.

"Tashi mu koma, kada Baturen ya tafi cin abinci. Ka kuma ce masa wanda ya ɗauko ɗazu ya cika ja. Ya sake dubawa."