Bencunan Aro

Tun da aka kawo ta makarantar a matsayin shugaba, ba ta taɓa ganin ɗalibi ya zauna a kan wani abu da ya wuce daɓen siminti ba. Shi ma daɓen duk ya farfashe, sai yara su zo da buhu ko kwali daga gida su shimfiɗa. Ta yi ta zarya zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma neman bencuna har masu gadin ƙofa suka daina tambayarta wajen wa ta zo. Kullum amsar Sakataren ilimi ɗaya ce: "Suna hanya, Malama." Iyayen yara Malama Babba suke kiranta. Malamai kuwa, in ta ba da baya, Barkono suke ce mata.

Ran nan da safe sai ga babbar motar ƙaramar hukuma ta shigo harabar makarantar, shaƙe da bencuna sababbi, irin masu haɗe da tebur, ƙafafunsu ma da sauran leda. Direban ƙaninta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ana ce masa Dogo. Ya diro yana goge wuya da tsumma, leburori suka hau sauke kaya.

"Yaya, ki ja wa yaranki kunne," in ji shi. "Kada wanda ya karce, kada wanda ya zuba tawada. Da yamma zan dawo in kwashe."

"Ka kwashe zuwa ina?"

"Makarantar bayan kasuwa. Gobe can masu duba aikin za su je. Jiya makarantar gefen tasha na kai su."

Ta tsaya tana kallonsa. Ya yi 'yar dariya, ya sassauta murya.

"An ce an saya wa kowace makaranta. To, waɗannan ɗin su ne na kowace makarantar. Ni dai tuƙi aka ɗauke ni, Yaya, kada ki huce a kaina."

Leburori suka gama shigar da bencunan. Ta shiga aji ta tarar yara sun zauna sun ƙame kamar an dasa su, warin fenti ya cika ɗakin. Wata 'yar ƙarama ƙafafunta ba su kai ƙasa ba, tana ta lilo da su tana shafa teburin da tafin hannu.

Hantsi ya ɗaga masu duba aikin suka iso. Shugabar tawagar wata dattijuwa ce mai tabarau, Sakatare na gefenta cikin ƙamshin turare, yana bayani da hannu bibbiyu. Aka ɗauki hotuna, aka sa yara suka tafa. Da za su fita, dattijuwar ta juyo.

"Malama, akwai wani abu da kike son faɗa?"

Sakatare ya kafa mata ido. Ta russuna kaɗan.

"Godiya ce kawai, ranki ya daɗe. Sai dai ina so mai girma Sakatare ya tabbatar mini a gabanki. Waɗannan bencuna namu ne ke nan, ko?"

"Wace irin tambaya ce wannan?" Sakatare ya yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba. "Naku ne mana! Har jikokin yaran nan za su zauna a kansu."

"To, madalla. Na ji, kowa ma ya ji."

Ƙurar motocinsu ba ta kwanta ba ta aika aka kira mata wani kafinta da 'ya'yansa ke makarantar. Ya zo da dogayen katakai da guduma da ƙusoshi. Ta ce ya haɗe bencunan kowane layi ta ƙasa, tun daga gaban allo har bangon baya. Ya dubi ƙofar ajin, ya dube ta.

"Malama Babba, in na yi haka ba za su ƙara fita ta ƙofar nan ba fa."

"Shi ya sa na kira ka, ban kira tela ba."

Da yamma Dogo ya dawo da leburorinsa. Suka kama benci ɗaya, sai layin gaba ɗaya ya motsa. Ya durƙusa ya leƙa ƙasa, ya miƙe idanunsa jajur.

"Yaya, me kika yi? Kin san me kika yi kuwa? Wuyana kika buga wa ƙusoshin nan!"

"Je ka faɗa wa wanda ya aiko ka cewa jikokin yara ba su zauna ba tukuna."

Bai je ba, waya ya buga. Ba a jima ba Sakatare ya shigo a fusace, ko ƙofar motarsa bai rufe ba. Babu gaisuwa, babu komai.

"Ke wace ce? Makarantar ubanki ce?"

"Ba ta ubana ba ce. Bencunan ma ban ji an ce na ubanka ba ne."

"Kayan hukuma kika lalata! Zan sa a ɗaure ki!"

"Sa a ɗaure ni. A gaban alƙali sai ka yi bayanin inda za ka kai su, bayan ka ce namu ne."

Ya daka wa leburori tsawa su ɓanɓare katakan. Ɗaya ya zura ƙarfe ya danna. Kafintan bai yi wasa da aikinsa ba. Maimakon ƙusa ta fita, sai ƙafar bencin ta tsage har sama. Suka gwada na biyu, shi ma ya dare. Kafin nan iyaye mata sun taru a bakin tagogi, wasu da goyo, wasu hannunsu da kumfar wanki. Wata ta ɗaga murya:

"Ɓarawo da turare! A kan 'ya'yanmu za ku ci abinci?"

Sauran suka ɗauka. Sakatare ya dubi fasassun bencunan, ya ga ko an fitar da su ba abin nunawa ba ne gobe. Ya nuna Malama da makullin motarsa.

"Za ki san da wa kike yi."

Washegari masu duba aiki suka je makarantar bayan kasuwa suka tarar da yara a ƙasa. Da dattijuwar ta tambaya, Sakatare ya dafa ƙirji ya ce shi ma yanzu yake gani. Ya ce tun tuni aka loda wa direba bencunan makarantar, ashe ya karkatar da su. Kafin rana ta faɗi an karɓe makullin mota daga hannun Dogo, 'yan sanda suka tafi da shi. Sai da surukinsa ya tsaya masa aka sake shi.

Aka kafa kwamitin bincike a sakatariya. Malama ta je da ƙafarta don ta faɗi abin da ta sani. Ran farko aka ce kwamiti bai zauna ba. Da ta koma aka ce shugaban kwamitin ya yi tafiya. Da ta sake komawa ta ji muryoyinsu a ciki, ta tura ƙofa ta shiga. Sakatare na zaune a cikinsu, ana zuba masa shayi.

"Ba a gayyace ki ba," in ji shugaban kwamitin, ko kai bai ɗaga ba. "Kuma ke yayar wanda ake tuhuma ce. Shaidarki ba ta karɓuwa."

"Shi wannan da ke shan shayi fa, tasa tana karɓuwa?"

Masinja ya riƙe ƙofa, aka ce ta fita. Ta nemi lambar dattijuwar mai tabarau, aka ce sai ta bi ta ofishin Sakatare. Kwamiti ya gama aikinsa, aka kori Dogo. Ita kuma aka yi mata canjin wurin aiki zuwa wata makaranta can ƙarshen yankin, inda mota ba ta kaiwa in ruwa ya sauka.

Kafin ta tafi ta je yi wa mahaifiyarsu sallama. Ta tarar da Dogo a ɗakin, zaune a bakin gado, ya rame, gemu ya fito masa. Bai gaishe ta ba.

"Ga jarumar gari nan, Inna," ya ce. "Ta sama wa 'ya'yan mutane wurin zama, nawa kuma ta raba su da abin da za su ci."

"Ni na kore ka? Wanda ka yi shekaru kana yi wa dakon ƙarya shi ya sayar da kai."

"Na gaya miki gaskiya don ke yayata ce! Da na yi shiru na ce gyara za a kai su, da yanzu ina bakin aikina."

"Da kuma ka zama shi."

"Gara in zama shi. Shi 'ya'yansa sun ci sun ƙoshi yau."

"Ku yi mini shiru!" Inna ta buga sandarta a ƙasa. "A ɗakina? Ke, ba ki iya rufe baki ba tun kina yarinya. Kai kuma ba ka iya buɗe naka ba sai a kan 'yar'uwarka. Ku tashi ku ba ni wuri, dukanku."

Suka fito tare, ba mai kallon wani. A tsakar gida matar Dogo na shanya, da ta ga Malama sai ta juya mata baya. Malama ta tsaya ta ce a turo mata babbar 'yarsu ta zauna a wurinta, ta ɗauke musu nauyin karatunta.

"Ta zauna a ƙasa a gidan ubanta," in ji Dogo. "Ba ma so."

Ya ja ƙofar ɗakinsa ya rufe. Ta ɗan jima a tsaye ko matar za ta ce wani abu. Matar ta ci gaba da matse zane. Malama ta gyara mayafinta ta fita neman motar da za ta kwashe mata kaya, don an ce ta kama aiki a can tun farkon mako.