Ranar da Auta Ta Hau Bangon Yayanta

Mai walda ya san bangon nan ta baya kamar yunwar cikinsa. Shi ya haɗa ƙarafunan da ke riƙe da katakon, wata biyu yana shan hayaƙi a tsohon siton da aka mayar wurin wasan hawa. Ta gaba ce bai taɓa gwadawa ba. Da mai wurin ya ce ya zo ya ɗana aikin hannunsa, sai ya biya shagon ɗinkin autarsu ya ɗauko ta, don dai ta yi masa rakiya.

Auta ta ba arba'in baya, 'ya'yanta uku, amma har gobe in ta taka kujera za ta ɗauko yadi sai ya ce, "Sauko kar ki karye, ba mu da wata."

Bangon bai wuce tsayin mutum biyu da rabi ba. An ɗaura masa mariƙai kala-kala, wasu kamar kunnen tukunya, wasu ba su fi maɓallin riga ba. Babu igiya, sai katifa mai kauri da ta rufe ƙasa gaba ɗaya. Mai koyarwa, wata siririyar mata mai furfura, ta ba su takalman roba masu matse yatsu da garin alli na shanye gumin hannu.

"Faɗuwa za mu fara koya," in ji ta. "A dira da ƙafa biyu, a saki gwiwa, a mirgina baya. Kar a tokare da hannu, kuma ba a tsayawa ƙarƙashin mai hawa."

"Mutum ya zo hawa, a fara masa da sauka?" in ji mai walda.

Sau ɗaya ya yi, don kunya. Auta ta yi biyar.

Dokar ba wuya: launi ɗaya ake bi daga ƙasa har sama, in ka dafa na ƙarshe da hannu biyu ka gama. Kore na sababbin shiga ne, ya haye shi da ƙarfin damtse yana dariya. Sai ya koma kan rawaya, inda bangon ya ranƙwafo. A tsakiya hannayensa suka yi tauri, yatsu suka buɗe da kansu, ya zubo kamar buhun siminti.

Duk wannan Auta na zaune a bakin katifa tana kallon rawayan, yatsanta na yawo a iska yadda take yi wa yadi kafin ta sa almakashi. Ta tashi ta hau. Wani mariƙi can dama ya fi ƙarfin tsayinta, ta faɗo. Ta sake, ta faɗo nan dai. A na uku gwiwar hannunta ta kurje.

"Ya isa haka, Auta. Ko in ɗan tura ki?"

"Bar ni, Yaya," ta ce, ko waiwaye babu.

Ta shafa alli ta koma. Wannan karon ba ta ja jikinta da hannu ba. Ta bar hannun a miƙe, ta juya ƙugu ta manna shi da bango, ta ɗora kan babban yatsan ƙafarta a wani ɗan mitsitsin mariƙi da shi bai ma gani ba. Ƙafar da ta shekara ashirin tana taka keken ɗinki ta tura ta sama a hankali, hannunta ya sauka daidai inda take so.

Masu hutawa a gefe suka bar hira. Ta dafa na ƙarshe da hannu biyu, ta tsaya ta numfasa, sannan ta sauko mataki-mataki.

"Wannan da ƙafa take tunani," in ji mai koyarwa. "Wasu sai sun yi wata kafin su gane."

Mai walda ya bi ƙanwarsa da kallo. Shi ya goya yarinyar nan zuwa makaranta, amma bai taɓa sanin tana da irin wannan naci ba. Wani daɗi ya cika masa ƙirji har ya ji kunyar kansa.

"Ƙafar hagun nan," ya ce daga baya, "ina kika sa ta?"

"Zauna tukuna ka duba. Kai komai sai ka ci da zuci."

Ya zauna kusa da ita, tana nuna masa da yatsa. Ranar bai gama rawayan ba, sai a mako na uku. Kafin nan Auta ta koma kan shuɗi, tana faɗowa tana tashi, har sababbin zuwa kan tambaye shi wace ce. Yakan gyara tsayuwa ya ce, "Ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya."