Bari In Ɗan Taka Maka

Tun da safe zazzaɓi ya fara taɓa ni, amma ban isa in kwanta ba, don ni aka ɗora wa rakiyar baƙi a makon sana'o'i na kwalejinmu ta share fagen shiga jami'a. Aikin ba wuya. Baƙo ya gama jawabi a tafa masa, ni kuma in ɗauki jakarsa in raka shi bakin mota. Malam Hambali mai kula da ajinmu ya ce ya zaɓe ni ne saboda ina da ladabi. Abokina Nafi'u ya ce ƙarya ne, an zaɓe ni ne saboda ban iya cewa a'a ba. Na so in musa masa, sai na ga bai kamata in ɓata masa rai ba.

Makon nan ya wahalar da ni. Ranar da likita ta zo, na kwana ina ganin kaina cikin farar riga. Ranar injiniya kuwa, duk kwalbatin da na wuce a makaranta sai na tsaya na duba shi da idon gyara. Nafi'u ya ce ko mai haƙar kabari aka kawo, kafin ya gama magana zan roƙe shi aron diga. Na yi dariya, amma abin yana ci na a rai. Baba ya kira ni ya ce in na zo gida ranar Asabar yana so ya ji daga bakina abin da zan karanta a jami'a, wai ya gaji da jin "duk yadda ka ce, Baba." Ga shi Alhamis ta yi, ba ni da amsa.

Baƙon ƙarshe ma'aikacin gidan rediyo ne, bayan Azahar aka ba shi. An ɗauke wuta, fankoki sun tsaya, zauren taron ya cika da numfashin mutane. Muryar mutumin kuwa mai sanyi ce, irin wadda ke lallashin jariri. Ƙasusuwana suna ciwo, idona yana yaji. Na ce bari in ɗan kifa kaina a kan tebur, in na ji tafi sai in tashi.

Na ji tafin, sai dai daga sama yake zubowa, kamar ruwa a kan kwano. Da na ɗaga kai, ba mai rediyo ba ne a gaba. Dakta Zuwaira ce, likitar da ta zo ranar farko, tsaye tana miƙo mini baƙar jakarta. Na karɓa da hannu biyu na bi bayanta. Da muka kai bakin ƙofa ta waiwayo.

"Ka koma haka nan, na gode."

"A'a Dakta, bari in ɗan taka miki."

Bakina ne ya riga ni. Haka aka tarbiyyantar da mu a gida: in baƙo ya ce ka koma, ba ka juyawa a faɗar farko, sai ya sake faɗa ko ya karɓe kayansa daga hannunka. Na jira ta sake. Ba ta sake ba, ta ci gaba da tafiyarta. Da na duba baya, inda ƙofa take ya zama bango, har an shafe shi da koren fenti.

Jakar da ke hannuna ta yi tsaki. Zif ɗinta ya buɗe kaɗan, haƙoransa suna ƙyalli.

"Kai ma?" in ji ta.

"Ni ma me?"

"Yi ta tafiya, za ka gani."

Babu mota, babu filin ajiye motoci. Wani dogon lungun asibiti ne, gadaje suna tsirowa daga jikin bango, ledojin ƙarin ruwa suna reto daga rufi suna ɗiga. Ruwan ya taru a ƙasa har ya kai mini idon sawu, ga shi da ɗumi. A zauren taro fuskar baƙo kawai muke gani, mai rakiya ne ke ganin bayansa. A bayan Dakta akwai goyo. An ɗaure shi da tsohon zani a kan farar rigar, amma ya girmi goyo nesa ba kusa ba, ƙafafunsa suna jan ruwa, kansa yana lilo a kafaɗarta.

"Dakta, wa kika goya?"

"Barcina ne. Tun ina ɗaliba nake ɗauke da shi, ban sami inda zan sauke shi ba."

"Ba ki gaya mana ba."

"Ba ku tambaya ba. Albashi kuka tambaya."

Ta tsaya kan wata tsohuwa da ke kwance, ta dafa mata goshi. Tsohuwar ta buɗe ido ta kira sunan 'yarta, sai na ga fuskar Dakta ta haskaka har lungun ya yi fari. Na ji ina so in zama ita, da goyon da komai. Na kuma ji tsoro ya kama ni, don na san wannan son, shi ne dai wanda nake yi wa kowa. Na matsa kusa da ita ina tari, ko za ta tuna da ni ta sallame ni. Ta sha kwana, na sha kwana.

Ruwan ya yi kauri ya yi baƙi, ya fara kama mini takalmi. Kwalta ce mai zafi. Rufin ya yaye, rana ta faɗo mana a ka, kuma wanda ke gabana yanzu Injiniya Gambo ne, da hular kwanonsa da ƙaton takalminsa. Ko juyowa bai yi sosai ba.

"Samari, koma, ranar nan ba ta wasa ba ce."

"A'a Injiniya, bari in ɗan taka maka."

Na ciji harshena har na ji gishirin jini, amma maganar ta riga ta fita. Hanya tana warwaruwa daga ƙarƙashin ƙafarsa kamar ana shimfiɗa tabarma, a bayanmu kuma tana naɗe kanta tana biyo mu, har tana taɓa mini dunduniya. Ƙauyuka suna tasowa daga cikin gonaki, da rumbunansu da awakinsu, su tsaya a gefe suna tambayarsa yaushe zai iso wajensu. Ya ce wa kowannensu yana tafe. Shi a bayansa ƙofar gida ce ɗaure da igiya, a buɗe. Ta cikinta ina hango 'ya'yansa a tsakar gida suna girma a kan idona, mai rarrafe ya miƙe, mai gajeren wando ya fara gemu. Duk lokacin da ya waiga, sai su durƙusa su gaishe shi irin gaisuwar da ake yi wa baƙon da ba a saba da shi ba.

Jakar ta ƙara nauyi har kafaɗata ta karkace. Na tambaye ta abin da ke cikinta.

"Tafin da kuka yi musu ne," ta ce.

"To me ya sa ba su ɗauki abinsu ba?"

"Su sun san ba ya ƙosarwa. Kai ne ka karɓa da hannu biyu."

Na so in ajiye ta a gefen hanya, yatsuna suka ƙi buɗewa. Na leƙa fuskata a ƙyallin kwalta, na ga furfura a gefen kunnena. Takalmina ya cinye tuni, da tafin ƙafa nake taka zafin. Hankalina ya tashi ƙwarai, don ban yi komai ba a rayuwata, tafiya kawai na yi a bayan mutum, ga shi har na fara tsufa.

Hanyar ta hau wata gada da ta ƙare a tsakiyar kogi. Injiniya ya taka iska ya wuce, ni ma na taka, na faɗa cikin wani ɗaki marar taga. An lulluɓe bangonsa da katifu, ko ihu ka yi ba zai fita ba. Jan ƙwan lantarki guda yana ci a saman ƙofar da ba ta da mariƙi. Mai rediyon nan ne, Malam Sha'aibu, sai dai babu jikinsa. Rigarsa ce zaune a kan kujera, hularsa tana shawagi a samanta, murya tana fita daga tsakaninsu. Tana karanta gaisuwar masu saurare, ta karanta sanarwar rasuwa, ta koma tallar maganin basir, duk da sanyi iri ɗaya. A kan tebur akwai gorar ruwa a rufe, wani abu yana motsi a ciki yana bugun murfin.

"Wannan fa, Malam?"

"Tawa maganar ce. In na gama ta mutane zan buɗe ta."

Na ƙudura a raina cewa wannan karon ko me za a yi sai na juya. Na datse haƙora, na danne leɓena da hannun da ba ya riƙe da jaka. Hular ta juyo wajena.

"Ɗalibi, ka koma, rakiyar ta isa."

Sai katifun suka zama kunnuwa. Duk garin yana saurare, masu shayi, matan da ke tsakar gida, malamanmu, 'yan unguwarmu da suka san ɗan wane ne ni. Na ji suna jira su ji ko yaron nan yana da tarbiyya. Kunya ta sauko mini tun daga ka har ƙafa, hannuna ya zame daga bakina da kansa.

"A'a Malam, bari in ɗan taka maka."

Na fashe da kuka, garin kuma ya tafa mini. Jakar ta kusa kai ni ƙasa.

Bangon ya faɗi ta kowane gefe, muka fito wani fili mai farin yashi, sama ta sauko ƙasa ƙasa har sai na sunkuya. A nan na ga layin. Mutane ne a jere, ɗaya bayan ɗaya, har inda ido ya gaza, kowa da jakar na gabansa a hannu. Dakta Zuwaira tana ɗauke da jakar wani tsohon hedimasta mai sanda. Injiniya yana rungume da ta wani dattijo mai kama da shi, ko kawunsa ne ko wansa. Rigar Malam Sha'aibu ma da tata jakar a hannun riga. Yashi yana ƙara a ƙarƙashin ƙafafu.

"Su ma rakiya suke yi?" na tambayi jakar.

"An ce su koma. Sun nuna ladabi."

"Wa zai sake faɗa musu?"

"Na gaba bai san ana bin sa ba."

Na fita daga layin da gudu ina jan jakar a yashi, na ce sai na kai wurin na gaban in roƙe shi ya waiwayo. Na wuce lauyoyi da baƙaƙen riguna, na wuce sojoji, na wuce wata mata mai alli a gashinta. Ina gudu layin yana ƙara tsawo, numfashina yana ƙonewa. Can sai layin ya ɓace gaba ɗaya, ya rage bayan mutum guda a gabana. Na san wannan bayan tun kafin in san sunana. Na san ɗinkin da ke kafaɗar rigar, na san yadda wuyan ya ɗan karkata saboda shekarun da ya yi a kan keken ɗinki. Ba tafiya yake yi ba, tsaye yake.

"Baba."

Ya juyo ya dube ni, ya dubi furfurata, ya dubi ƙafafuna. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Tasi'u, ina za ka?"

"Rakiya nake yi maka, Baba."

"Ni ba inda za ni. Tun tuni nake tsaye a nan. Koma."

"A'a Baba, bari in ɗan..."

"Na ce ka koma."

Ya faɗa sau biyu, ba ni da sauran abin fakewa. Ya sa hannu ya kama jakar, na ƙanƙame ta. Jakar da na yi ta roƙon Allah ya raba ni da ita, ga shi ina kokawa da mahaifina a kanta. Ya bi yatsuna yana ɓamɓare su a hankali, yadda yake warware ɗinkin da ya karkace. Da ta koma hannunsa sai ta zama ba nauyi, ya saƙale ta a ɗan yatsa.

"Ina zan koma, Baba?"

"Da na sani, ai da ban tambaye ka ba. Ni ban yi boko ba, Tasi'u. Iyakar inda na sani ke nan, nan da nake tsaye."

Ya dafa kafaɗuna ya juya ni. Babu hanya, babu layi, ko sawun ƙafata babu. Yashi ne fari ta gabas da yamma, kudu da arewa, ba bango, ba ƙofa, ba bayan kowa. Lungun asibitin nan da ɗakin katifun ba su tsorata ni kamar wannan filin ba. Na ɗaga ƙafa ɗaya, ta tsaya a sama, na rasa inda zan sauke ta.

Fanka ta yi ƙara a saman kaina, na zabura har gwiwata ta bugi tebur. An dawo da wuta. Rigata ta jiƙe sharkaf, hannuna na dama a dunƙule, farce ya shiga tafin. Zauren ba kowa, kujeru a hargitse, an tashi tuni, wani ya raka baƙon. Jibi Asabar. Ƙofofin zauren duka a buɗe suke, hasken la'asar yana shigowa ta kowace. Na daɗe zaune ina kallonsu, ina jira wani ya gifta in bi bayansa, ba wanda ya gifta.